Shatar jif ta yini guda a Da Nang: ko Baffa zai iya da gwiwarsa?

Ɗan_Dawanau:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa taka Biyetnam. Ni da Baffana, ƙanin mahaifina, za mu Ho Chi Minh cikin watan Yuli in Allah ya kai mu, kan maganar kwantenonin yazawa da muka tura. Mai sayen kayan namu ya ce in an gama lissafi kada mu juyo gida ba mu leƙa Da Nang ba, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce a jirgi. Na duba intanet na ga masu tallar shatar jif ta yini guda, buɗaɗɗiyar motar nan irin ta sojoji, daga ku sai direba, ba a haɗa ku da kowa. Sun ce za su kai mutum duwatsun mabul masu kogwanni, da dutsen Son Tra na bakin teku, da hawan Hai Van, duk kafin rana ta faɗi. A hotunan kamar daji ake ketawa, ga ƙura ga taɓo.

Damuwata Baffa. Ya haura sittin da biyar, gwiwarsa ta dama tana matsa masa, wani lokaci ma a kujera yake sallah. Amma ya fi ni ɗoki, ya ce duk zuwan da yake yi ƙasar nan bai taɓa ganin komai ba sai sito da ɗakin otal. A Ho Chi Minh ya san inda yake cin abinci kusa da masallaci, Da Nang kuwa dukkanmu baƙi ne.

To jijjigar motar za ta bar shi lafiya? Me za mu ci? Ina za mu yi sallah? Sannan wuraren nan na ga duk ɗakunan bautar mabiya Buddha ne, yaya Musulmi zai yi da shiga? Allah ya saka da alheri.

Alhaji_Mai_Sikeli:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sa a yi lissafi lafiya, ya sa kada su ce kaya sun sha danshi a teku. Na yi wannan yawon da Yayana, wanda shi ma gwiwa ta ci ƙarfinsa, don haka abin da idona ya gani zan gaya maka.

Ka fara cire tsoron hanya daga ranka, ba daji za ku keta ba. Daga cikin gari zuwa duwatsun mabul titi ne shimfiɗaɗɗe, bai kai kilomita 10 ba. Hanyar Son Tra kwalta ce da kankare, matsattsiya ce kuma hawanta a miƙe yake, amma ba rami ba taɓo. Hai Van kuwa tsohuwar babbar hanyar ƙasar ce mai haɗa kudu da arewa. Abin da zai dami dattijo a jif ɗin shi ne shiga da fita, don tana da tudu, sai taurin kujera, sai rana. Yawancinsu tsofaffin motocin soja ne da aka yi wa fenti, wasu na Amurka da suka rage bayan yaƙin Biyetnam, wasu ƙirar Rasha. Wadda muka shiga ko bel babu a kujerar baya. Ka sa Alhaji, wato Baffanka, a gaba kusa da direba, kuma kafin ka ba da kafin alƙalami ka ce su turo hoton ainihin motar da za ta zo, da rumfarta a ɗaure. Ranar Yuli a Da Nang ba ta da sauƙi, ga gumin bakin teku mai danƙo wanda ba ya bushewa a jiki.

Wahalar tafiyar nan a ƙafa take. Duwatsun mabul, da suke kira Ngu Hanh Son, guda biyar ne tsaye a tsakiyar gidaje dab da teku. Wanda jama'a ke hawa shi ne babbansu, Thuy Son. Matakala 156 ce daga ƙasa zuwa ɗakin bauta na Tam Thai, ta dutse ce, wata doguwa wata gajera, kuma tafin ƙafar mutane ya goge ta har ta yi santsi. Akwai lif na gilashi a jikin dutsen. Lokacin da muka je dong 40,000 ne kuɗin shiga (dong shi ne kuɗin ƙasar), lif kuma 15,000 kowane hawa ko sauka, duka bai kai dala 3 ba. Ku biya na hawa da na sauka, don mai ciwon gwiwa ya fi jin jiki a gangara. Sai dai ka sani lif ɗin ba ya kai mutum ƙoli. Wajen wata hasumiya yake ajiye ka, kusa da ɗakin bauta na Linh Ung, daga nan zuwa kogwanni akwai sauran matakala nan da can. Da kujerun dutse a hanya ƙarƙashin itatuwa, Yayana kusan kowacce sai da ya zauna a kanta, kuma da haka muka kai.

Kogo ɗaya ne zan ce lallai Alhaji ya gani in jiki ya yarda, shi ne Huyen Khong. Za ka bi ta wata tsohuwar ƙofar dutse, ka wuce wani ƙaramin kogo, sai lungu mai duhu ya karkata da kai. Tun ba ka ga komai ba sanyi zai daki fuskarka. Daga nan matakala ce ta gangara ciki, gumakan masu gadi hagu da dama. A nan na riƙe hannun Yaya, muna sauka ɗaya bayan ɗaya, ƙafar mai lafiya tana jiran mai ciwo. Da muka kai ƙasa muka ɗaga kai, rufin ya yi can sama, da huji a tsakiyarsa, hasken rana yana zubowa ta ciki a tsaye yana ratsa hayaƙin turaren tsinke. Bangon ya yi kore saboda danshi, ruwa na ɗiga a wani gefe, muryar mutane kuma da kanta take raguwa. Yaya ya samu gefen dutse ya zauna, babu abin da yake maimaitawa sai subhanallah. A cikin kogon nan ne mayaƙan Biyetkon, 'yan gurguzun da suka yaƙi Amurka, suka riƙa jinyar waɗanda aka raunata lokacin yaƙi, alhali sansanin jiragen Amurka masu saukar ungulu yana nan kusa da gindin dutsen. In ka tsaya a ciki ka tuna haka, za ka fahimci irin mutanen da kake ciniki da su. Hasken ya fi fitowa daga hantsi zuwa tsakar rana, saboda haka ku isa wajen ƙarfe takwas, ku hau a hankali, hantsi ya same ku a ciki.

Kogo biyu kuma kada ka bari Alhaji ya gwada, ko ya ce zai iya. Van Thong ta wani matsattsen rami ake fita sama, da hannu da gwiwa ake hawa. Am Phu yana gindin dutsen, tikitinsa daban, dong 20,000 lokacin da muka je, ciki duhu da jiƙa, an cika shi da siffofin azabar lahira yadda suke ɗauka a addininsu. Kai mai jini a jika in kana so ka leƙa, ka bar shi a inuwa da ruwan kwakwa.

A gindin duwatsun akwai unguwar masassaƙa dutse, Non Nuoc, sana'ar gado ce ta ɗaruruwan shekaru. Yanzu hukuma ta hana fasa duwatsun nan biyar, daga wasu larduna ake kawo musu mabul. Aikinsu abin kallo ne, amma ka lura, direbobi suna da la'ada a shagunan. Namu ya shigar da mu wani ba mu nema ba, muka ɓata lokaci mai yawa ana nuna mana zakuna da gumaka waɗanda ba mai shigar da su gidansa a cikinmu. Ka gaya masa tun a otal cewa ba ku son tsayawa shago.

Son Tra da yamma za ku je. Dutse ne mai kurmi da ya kutsa cikin teku ya kare garin daga arewa maso gabas. A gefensa akwai wani ɗakin bautar, shi ma Linh Ung ake ce masa, inda farin gunkin nan mai tsawon mita 67 yake, wanda aka kammala a 2010, ana hango shi daga ko'ina a bakin tekun garin. Nan babu wahala, mota tana kai mutum har kusa, fili ne shimfiɗaɗɗe. Ko ba ka kusanci gunkin ba, daga bakin filin za ka ga garin gaba ɗaya, da jiragen masunta a warwatse kan ruwa, har da duwatsun da kuka hau da safe can nesa. Daga nan sai hawa zuwa ƙololuwar Ban Co, kusan mita 700 sama da teku. A wannan hanyar ce kaɗai na ga amfanin jif. Hawan ya yi tsayi har tun 2019 aka hana babura marasa giya bin saman dutsen saboda haɗurra. Ka ce wa direba ya tafi sannu, ya yi amfani da giya a gangara ba birki kaɗai ba. Akwai wuraren sojoji da na'urar hango jirage a saman, kada ka ɗaga musu waya.

Kuma ku riƙa kallon itatuwa. Akwai wani biri a dutsen nan da ban taɓa ganin irinsa ba. Direba ya kashe mota ya nuna mana da baki, sai ga shi zaune kan reshe yana tsinkar ɗanyen ganye yana ci. Daga gwiwa zuwa idon sawu ja ne wur, damtsensa na ƙasa fari, fuskarsa ruwan zinariya da farin gemu kewaye da ita, doguwar farar jela tana lilo. Bai gudu ba, bai kuma roƙi komai ba, kallonmu kawai ya yi ya ci gaba da cin ganyensa. Suna cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma da sassafe ko da yamma suke fitowa. Ba su ne birran da ke tare hanya kusa da ɗakin bauta suna fizge leda ba, waɗannan ka ɓoye abincinka, an ma hana ba su.

Shawarata ka cire Hai Van. Wuri uku a yini ɗaya tsere ne, kuma amfanin shata shi ne lokacin naka ne, ba mai ƙirga maka minti. Yawancin otal-otal suna bakin tekun My Khe, tsakanin duwatsun mabul da Son Tra. Ku koma da rana, Alhaji ya watsa ruwa, ku yi sallah, ya miƙe ƙafa, bayan la'asar ku sake fita.

Maman_Walid:

Alhaji, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka yake, amma a maganar Hai Van ina da ja. Ƙanena, in don mai ciwon gwiwa ne, ai nan ne wurin da ya fi dacewa da shi, don yana zaune a mota zai ga komai. Ni da maigida mun bi ta nan za mu birnin Hue. Hawan kilomita 21 ne, ƙolinsa kusan mita 500. Ka ɗauka Hawan Kibo ne, sai dai a nan teku ne shuɗi a ƙasanka, ga layin dogo yana bin gindin dutsen. Tun da aka buɗe hanyar ƙarƙashin dutse a 2005, mai tsawon fiye da kilomita 6, yawancin manyan motoci can suke bi, aka bar saman ga babura da 'yan yawon buɗe ido da tankokin mai da motocin dabbobi. Tankokin nan ne abin kiyayewa a kwana. A ƙoli akwai tsohuwar ƙofar tsaro da Sarki Minh Mang ya gina a 1826, da maɓoyar sojoji ta kankare ta zamanin Faransa da Amurka. An gyara wurin an sake buɗe shi a 2024. In kun gangara ɗaya ɓarin za ku hango Lang Co, siririn yashi fari tsakanin teku da tafki. A hanyar tafiya kuma za ku wuce gaɓar da sojojin ruwan Amurka suka fara sauka a Maris 1965. Ku riƙe riga mai ɗan kauri saboda Baffa, gajimare yakan sauko ya rufe saman nan take ko da ƙasa ana rana.

Abinci kuwa a buɗe ido. Taliyarsu ta yankin, mi Quang, galibi da naman alade ko romonsa ake yi, burodin da ake sayarwa a titi ma ana shafa masa niƙaƙƙiyar hantar alade. Abin da ya cece mu kifi ne. Gidajen abinci na bakin teku suna ajiye kifi da ƙaguwa da jatan lande da ransu a baho, kai za ka nuna, a auna a gabanka, ka ce a gasa da gishiri da barkono kawai, a kawo farar shinkafa. Ka sa ma'aikacin otal ya rubuta maka a waya da yarensu cewa ba alade, ba kitsensa, ba giya a girki, kana zuwa ka nuna. Duk inda ka ga an rubuta “chay” a allo, abincin ganye da waken suya ne babu nama. Akwai kuma gidajen abincin Indiyawa masu alamar halal a cikin gari. Ka taho wa Baffa da yajinsa da dabino da garin kunu, dattijai ba sa jure baƙon abinci safe da dare.

Yuli lokaci ne mai kyau ta fuskar ruwa. In tafiyar ta ɗaga har ta kai Oktoba ko Nuwamba, ku haƙura da duwatsun, lokacin guguwa ne. A Oktoban 2022 ruwa ya zabtare hanyoyin Son Tra.

Malam_Abu_Hafsa:

Allah ya kai ku lafiya. Game da sallah, ku matafiya ne, kuna da ƙasaru, kuma in fita ta kama akwai sauƙin haɗa azahar da la'asar. Ka tuna a can alƙibla yamma take, ba gabas ba kamar gida, ka duba manhajar waya kafin ka shimfiɗa darduma. Gari yana wayewa da wuri ƙwarai a watan Yuli, ka saita ƙararrawa saboda asuba. Kada ku yi sallah a harabar ɗakunan bautar ko cikin kogon da ke da gumaka, ku bari sai otal ko wani fili a hanya. Ku tsara kuma Juma'a ta same ku a Ho Chi Minh, a babban masallacin titin Dong Du da Musulmin Indiya suka gina a 1935, wanda na tabbata Baffa ya sani.

Maganar shiga, malamai sun saɓa. An ruwaito Sayyidina Umar ya ƙi shiga majami'a saboda siffofin da ke ciki, wasu malamai suka ƙyamaci shiga duk wurin da ke da gumaka. Wasu kuma sun sauƙaƙa in don gani da lura ne, ba tare da shiga cikin abin da ake yi ba. Abin da babu saɓani a kai shi ne ba ka rusunawa, ba ka kunna turarensu ka soka, ba ka jefa kuɗi a akwatin bauta. Haka nan ba ka yi musu dariya ko izgili, Alƙur'ani ya hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa. Ku wuce da natsuwa da sutura ta mutunci, kada a ɗaga murya kusa da mai ibadarsa.

Abu guda da ya kamata ka yi tun a gida shi ne ka nuna wa Baffa hotunan cikin kogon. A can ba a raba kogo da gunki, duk wanda Alhaji ya ambata akwai su a ciki. Ya gani da idonsa ya yanke wa kansa, in yana da malamin da yake komawa gare shi ya tambaye shi. Kada sai an sha wahalar hawa ya tsaya a bakin ƙofa ransa a ɓace.

Ɗan_Dawanau:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Baffa duka, na nuna masa hotunan. Ya ce kogon zai shiga ya ga ikon Allah, amma ɗakunan da aka gina don bauta daga waje zai tsaya. Da ya ji maganar Hai Van kuma ya ce a ƙara kwana ɗaya, ba zai bari ba. Alhaji, in haka ne yaya zan raba? Kuma sai na ɗauki jif duka kwana biyun?

Alhaji_Mai_Sikeli:

Madalla, Hajiya ta yi gaskiya, tun da akwai ƙarin kwana magana ta canza. A'a, kada ka biya jif kwana biyu. Ranar duwatsun mabul ka kira ƙaramar mota mai sanyi ta Grab, manhajar kiran tasi, ta ajiye ku a bakin lif, in kun sauko ka kira wata. Bayan wannan hawan Alhaji zai fi bukatar sanyi da kujera mai taushi, sauran yinin kuma hutu ne. Washegari sai jif: Hai Van da safe kafin rana ta yi zafi, ku ci kifi a Lang Co, ku dawo otal ku huta, Son Tra bayan la'asar saboda birran nan. Ranar kusan duk a zaune zai yi ta.

Ka sa su rubuta maka a WhatsApp abin da kuɗin ya ƙunsa: mai, kuɗin shiga, ruwan sha, ƙarfe nawa za a ɗauke ku, ƙarfe nawa za a dawo da ku, da cewa akwai hutun rana a otal. Abincin da suke haɗawa a ciki ka ce a cire a rage kuɗin, ku za ku zaɓi inda za ku ci. Ka tambaya ko direban yana jin Turanci, don da yawa ba sa ji, in ba ya ji a haɗa ku da mai jagora, akwai wurin mutum ɗaya a baya kusa da kai. Ragowar kuɗi sai an dawo da ku.

Yuli lokacin hutun makarantunsu ne, 'yan ƙasar da kansu suna cika wuraren, ga baƙi daga Koriya, don haka ku kauce wa Asabar da Lahadi. Alhaji ya ajiye babbar riga da takalmin fata a otal, ya sa 'yar shara da wando da kambas mai kama ƙasa, ya riƙe sandarsa. In an yi ruwa da daddare ka jinkirta hawa dutsen mabul har matakalar ta bushe, ko ka musanya ranakun biyu.